Barci ya ƙaurace mini, ƙwayar ma ta daina aiki: ina mafita?

Baban Walida:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don Allah wanda ya sani ya taimaka. Tun wajen ƙaramar salla barci ya ƙaurace mini. Ina da shago a Kantin Kwari nan Kano, kuma abin ya faro ne lokacin da kayan da na bayar bashi suka maƙale, masu kaya suna ta kira dare da rana. Alhamdu lillahi an warware wannan maganar tuntuni, amma barcin bai dawo ba. Ina idar da isha'i in ci abinci in kwanta wajen tara don in samu in rama, sai in yi ta juyi. In ji janaretan maƙwabta ya mutu, in ji usur ɗin 'yan sintiri, in duba waya sha biyu, in sake dubawa biyu saura. Wani lokacin sai an kusa kiran assalatu yake ɗauke ni. Bayan asuba in koma in kwanta har tara ko goma, yara su buɗe shago ba ni. Da rana kaina ya yi nauyi, abu kaɗan in hau faɗa, lissafin dila guda sai na maimaita shi. Wani mai kemis a unguwarmu ya ba ni wata 'yar ƙwaya, da farko rabi ke kwantar da ni, yanzu ko guda na sha sai dai jiki ya mutu amma ido biyu. Shekarata 46. Me zan yi?

Abu Hanif:
Wa'alaikumussalam. Allah ya ba ka lafiya Alhaji. Ka riƙe azkar ɗin kwanciya da kyau. Ka yi alwala, ka karanta Ayatul Kursiyyu da ayoyi biyun ƙarshen Baƙara, ka karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi ka tofa a hannu ka shafe jikinka sau uku. Sai tasbihi 33, tahmidi 33, kabbara 34, wanda Annabi (SAW) ya koya wa Nana Faɗima da Sayyadina Ali. Ka kwanta ta gefen dama.

Maman Sadik:
Alhaji harkar kasuwa akwai baki da hassada. Mutum yana zaune lafiya rana ɗaya bacci ya ɗauke? Ka nemi a yi maka ruƙiyya. Ka riƙa shan madara mai ɗumi da zuma kafin ka kwanta.

Baban Walida:
Na gode Malam, na gode Hajiya. Azkar ban taɓa bari ba, ruƙiyya ma an yi mini, kuma ina jin sanyi a raina in na yi. Amma wallahi ina gamawa tunani yake dawowa, kuma yanzu ba tunanin bashi ba ne, tunanin "yau ma ba zan yi barci ba" ne. Tun magariba gabana yake fara faɗuwa.

Ɗan Sahu:
Alhaji ƙwayar ce ta yi maka kaɗan. Ka ce ya ba ka Lexotan, mu da muke yini a titi mun san ta.

Mai Harhaɗa Magani:
Ɗan'uwa don girman Allah ka janye wannan shawarar, akwai mutane da yawa da ke karantawa. Lexotan da Valium, wadda yara ke ce wa D5, duk dangi ɗaya ne, kuma doka ba ta yarda a sayar da su ba sai da takardar likita. In ma likita ya rubuta don barci, na ɗan lokaci ne, galibi kada ya wuce mako 2 zuwa 4. Dalili shi ne abin da Baban Walida ya faɗa da bakinsa: jiki yana sabawa, rabi ya koma guda, guda ya koma biyu, ranar da ba a sha ba kuma dare ya fi na da muni, sai mutum ya ɗauka ciwon ne ya ƙaru alhali rashin ƙwayar ne. Tsofaffi tana sa su jiri da mantuwa, su tashi fitsari cikin dare su faɗi su karye. Wanda ya haɗa ta da tiramol ko kodin kuwa numfashinsa na iya tsayawa yana barci. Mun ga abin da kodin ya yi wa garin nan kafin gwamnati ta hana maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, bai kamata mu buɗe wata ƙofar da hannunmu ba. Har Piriton da mata ke sha don su yi barci, kwana kaɗan take yi jiki ya saba, sai bushewar baki da kasala da safe.

Baban Walida, abu ɗaya mai muhimmanci: tunda ka daɗe kana sha, kada ka yanke ta dare ɗaya. Yankewa farat ɗaya na iya jawo karkarwa, firgici, har da jijjiga irin ta farfaɗiya. Ka ɗauki takardar ƙwayar ka kai wa likita ya tsara maka yadda za ka riƙa ragewa.

Likitar Ƙwaƙwalwa:
Sannu Baban Walida, Allah ya sawwaƙe. Ni a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa nake aiki, irin bayanin nan naka ba baƙo ba ne a wurinmu. Ba zan yanke maka hukunci ta waya ba, amma bari in gaya maka abin da na gani a maganarka.

Idan mutum yana kasa barci aƙalla dare 3 a mako, abin ya kai wata 3, kuma yana taɓa harkokinsa da rana, to ya zama rashin barci mai daɗewa, yana buƙatar maganin kansa. Wani masani ɗan Amurka, Arthur Spielman, ya yi bayani tun shekarun 1980 cewa abubuwa uku ne ke haɗuwa. Akwai halitta, wani dama barcinsa ba nauyi, ga yawan tunani. Akwai abin da ya tayar da matsalar, kai naka bashi ne, wata haihuwa, wani rasuwa. Sai na uku, abin da ke riƙe matsalar bayan musabbabin ya wuce. Nan ne aikin yake, kuma abin tausayin shi ne yawanci dabarun da mutum ya ƙirƙiro don ya taimaki kansa ne.

Duba lissafinka. Kana kwanciya tara na dare, kana tashi tara ko goma na safe. In an cire lokacin salla, kana shafe wajen awa 11 a kan katifa, barcin da ke ciki kuwa da wuya ya wuce awa 5 ko 6. Sauran duk juyi ne da duba waya. Ƙwaƙwalwa tana koyo, a hankali sai ta haɗa katifar nan da fargaba. Shi ya sa za ka ga mutum yana gyangyaɗi a falo, yana hawa gado ido ya bushe. Sannan buƙatar barci taruwa take yi tun daga sa'ar da mutum ya farka. Wanda ya tashi goma na safe, ƙarfe tara na dare awa 11 kacal ya yi a farke, bai tara abin da zai kwantar da shi ba.

Maganin da aka fi amincewa da shi ba ƙwaya ba ce. Horo ne na gyaran tunani da ɗabi'un barci, ana ce masa CBT-I, kuma tun 2016 wata babbar ƙungiyar likitoci ta Amurka ta ce da shi ya kamata a fara yi wa babban mutum kafin a kai ga ƙwaya. Zama ne da ƙwararre kamar 4 zuwa 8. Ana farawa da rubutu: mako 2 kana rubuta wa kanka kowace safiya ƙarfe nawa ka kwanta, wajen yaushe barci ya ɗauke ka, sau nawa ka farka, yaushe ka tashi, da ƙiyasi kawai, ba da kallon agogo ba. Daga nan sai a tsuke lokacin kwanciya ya zo daidai da barcin da kake samu, amma ba a yin ƙasa da awa 5. Misali in barcinka awa 6 ne kuma biyar kake tashi salla, ba za ka hau katifa ba sai sha ɗaya, kuma in ka tashi asuba ka tashi kenan. Idan ya zama kana barci a kashi 85 cikin 100 na lokacin da kake kwance, sai a ƙara maka minti 15, bayan mako a sake ƙarawa, har a kai inda jikinka ya ƙoshi.

Ɗayan ginshiƙin kuma Richard Bootzin ne ya fito da shi a 1972. Kada ka kwanta sai ka ji barci na gaske, na lumshewar ido, ba gajiya ba. In ka kwanta ka ga kamar minti 20 ta wuce ba labari, ka tashi ka bar shimfiɗar, ka zauna cikin haske kaɗan kana abin da ba ya tayar da hankali, sai barci ya zo ka koma. Ko sau nawa ne a dare. Waya kuma a ajiye ta nesa, a kife. Hausawa sun ce barci ɓarawo ne, to ɓarawo ba ya shigowa gidan da ake zaune ana gadinsa, kai kuwa tun magariba kake tsaron ƙofa.

Baban Walida:
Dokta, Allah ya saka da alheri, kamar kina ɗakin. Amma ki gafarce ni, mutumin da barci bai ishe shi ba a ce ya rage kwanciya, kuma a hana shi na bayan asuba wanda shi kaɗai ne mai daɗin? Ina tsoron in faɗi a kasuwa.

Likitar Ƙwaƙwalwa:
Tsoronka yana kan hanya, kuma ba zan ɓoye maka ba, mako na farko da na biyu da wuya. Za ka fi jin barci da rana kafin dare ya fara gyaruwa. Shi ya sa ake so a yi shi da mai lura da kai, musamman kai da za a haɗa da rage ƙwaya. Na bayan asuban nan yana da daɗi ne saboda shi ne barcin daren da ya makara. Muddin kana karɓarsa da safe, ba zai dawo wurinsa ba. Ka fito waje ka sha hasken hantsi, shi ke saita agogon jiki.

Na Kurna:
Dokta duk na ji, amma wannan tsarin na masu falo da ɗakin baƙi ne. Ni ɗaki ɗaya nake haya, ni da iyali da yara uku. In na tashi ina za ni? In na kunna fitila jaririya ta farka. Ga bazara, zafi ya haura 40 da rana, kwanon rufi ya riƙe shi har tsakar dare, ba wuta, in an buɗe taga sauro. Wani rashin baccin ba na ƙwaƙwalwa ba ne, na talauci ne.

Likitar Ƙwaƙwalwa:
Gaskiya ka faɗa Malam, kuma ba zan ce horo zai kawo wuta ko ya kore zafi ba. Wanda zafi da sauro suka hana, ranar da aka yi ruwa gari ya yi sanyi zai yi barci har da minshari, wannan ba mara lafiya ba ne, gidan sauro da watsa ruwa kafin kwanciya yake buƙata. Wanda nake magana a kansa shi ne wanda ko da sanyin hunturu, ɗaki shiru, idonsa biyu. Shi kuma ba lallai sai da wani ɗaki ba. Ya sauka daga katifa ya zauna a kan darduma ya jingina da bango, ko ya fita ƙofar ɗaki, carbi a hannu, ba fitila. Abin da ake so kawai jiki ya bambance wurin barci da wurin zaman jira.

Maman Sadik:
Ni dai abin da ke damuna da 'yan boko kenan. An kawo maganar addu'a kun wuce ta kamar ba a yi ba, sai sunayen Turawa. Su suka halicci baccin?

Malam Na Gwale:
Hajiya a yi haƙuri, ban ga inda Dokta ta ce a bar addu'a ba, carbi ma ta ambata. Allah ne ya sanya barci hutu ga bayinsa, kuma Shi ne ya sanya sababi. Ya tabbata a hadisi cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Bawan Allah ya ce yana azkar, an yi masa ruƙiyya, to ya ci gaba, ya haɗa da neman magani. Abin da nake jin tsoro shi ne mu sa wa mara lafiya zargin kansa, ya riƙa ganin imaninsa ne ya yi rauni, ko ya fara zargin maƙwabcinsa na shago da ba ruwansa. Kuma ku lura, Annabi (SAW) ya kasance yana ƙin barci kafin isha'i da hira bayanta. Mu kuwa yanzu bayan isha'i ake buɗe majalisa, a zauna teburin mai shayi har sha biyu, a koma gida a ɗora da waya. Tambayata ga Dokta ita ce ƙailula, tunda sunna ce.

Likitar Ƙwaƙwalwa:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ƙailula gajeriya, minti 20 zuwa 30 wajen azahar, ba ta da laifi ga yawancin mutane. Mai wannan matsalar dai muna so ya taƙaita ta sosai ko ya ɗan dakata har dare ya daidaita, kuma ban da barci bayan la'asar. Wani abin da ke sauƙaƙa mana aiki a nan shi ne asuba. Babban sharaɗin horon nan shi ne tashi lokaci ɗaya kullum har ranar hutu, mu kuwa ladan ya riga ya tsayar mana da lokacin.

Tunda Malam ya taɓo mai shayi: shayi, Nescafe, goro da lemukan ƙara kuzari duk suna da sinadarin caffeine mai hana barci. Bayan kamar awa 5 rabinsa yana nan a jiki. Goron da aka ci bayan la'asar yana aiki har lokacin kwanciya. Mai fama ya tsaya da su daga azahar. Sigari ma tana hana barci.

Baban Walida:
Goro kam ba ya rabuwa da aljihuna, shi nake ci in kore nauyin kai. To Dokta ina ake zuwa? Kada dai ki ce asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, don in aka gan ni a can gobe Kwari ta ɗauka.

Tsohon Malamin Makaranta:
Ƙanena bari in ba ka amsa, don na bi hanyar. Bayan na yi ritaya haka na zama, dare ya yi ta tsawo. Na daɗe ina jin kunyar zuwa, ɗana ne ya matsa. Da na shiga layin ganin likita, wa na tarar? Mata masu goyo, 'yan kasuwa, ɗalibai, wani dattijo da rawaninsa. Kowa da katinsa a hannu, ba wanda ya kalli wani. Wata matashiya ce ta riƙa zama da ni, ta ba ni takarda mai layi-layi ina cikewa da safe da biro. Kwanakin farko na sha wuya, bayan isha'i sai in tsaya a tsaye ina goge takalma ina ninke kaya don kada in ɓingire kafin lokacin da ta sa mini. Amma daren da na kwanta ban san sa'ar da barci ya ɗauke ni ba sai kiran salla na ji, na yi sujadar godiya. Har yanzu wani daren yakan ƙi, sai dai ba ya ba ni tsoro, na san abin yi. Ciwon ƙwaƙwalwa ba hauka kaɗai ba ne, kuma mutanen Kwarin da kake jin kunya ba su za su kwana maka ba.

Likitar Ƙwaƙwalwa:
Na gode Baba. Asibitin Dawanau asibiti ne kamar kowane, amma ba shi kaɗai ba ne. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Kana iya farawa da likitan da ke duba kowa da kowa a asibitin da ka saba zuwa, ya auna jininka da suga, ya duba ƙwayar, ya tura ka. Ka faɗa masa ƙarara kana son ganin masanin halayyar ɗan'adam don horon barci, ba canjin ƙwaya kawai ba. Masu wannan horon ba su da yawa a ƙasar nan, sai an yi haƙuri da layi. Ka fara rubutun mako biyun tun yau, ka tafi da shi.

Uwargidan Hotoro:
Dokta ni matsalar maigidana ce. Shi yana kwanciya ya yi bacci, amma minsharinsa har tsakar gida. Sai ya yi shiru kamar numfashi ya ɗauke, in ƙirga a raina, sai ya ja da ƙarfi kamar an shaƙe shi. Da safe ciwon kai, da rana ko a zaune yake sai gyangyaɗi. Yana da ƙiba da hawan jini. Shi ma wannan horon zai yi?

Likitar Ƙwaƙwalwa:
A'a Hajiya, nasa daban ne, kuma kin kyauta da kika lura. Alamun toshewar hanyar numfashi ne a cikin barci: maƙogwaro yana rufewa, iska ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta farkar da shi ya ja numfashi, sau da yawa a dare bai sani ba. Yana da alaƙa da hawan jinin da ke ƙin jin magani, da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ki ɗauki sautinsa a waya ku kai wa likita. Akwai gwajin barci, akwai na'urar CPAP da ke tura iska ta hanci, rage ƙiba da kwanciya ta gefe suna taimakawa. Kada ya kusanci ƙwayar barci, tana ƙara toshewar. In yana tuƙi, a gaggauta.

Ɗan Sahu:
Na janye maganata ta ɗazu. Dokta ni fa, zan iya tsuke lokacin kwanciyar da kaina? Shida na safe nake fita da mashin, daga Kabuga zuwa Bata har dare.

Likitar Ƙwaƙwalwa:
Kai kada ka yi wannan ɓangaren kai kaɗai, rayukan fasinja na hannunka, kuma makonnin farko gyangyaɗi yake kawowa. Haka mai farfaɗiya, da mai ciwon da ke sa mutum wani lokaci ya yi ta zumuɗi ba barci wani lokaci ya faɗa baƙin ciki, rage barci na iya tayar musu da ciwo. Ka fara da tsayar da lokacin tashi, barin shayi, Nescafe da goro daga azahar, da sauka daga katifa in barci ya ƙi. In kana shan wani abu don ƙarfin aiki, ka gaya wa likita gaskiya, ba kama ka zai yi ba.

Wata Baiwar Allah:
Ni bacci yana ɗaukata da wuri, amma biyu ko uku na dare zan farka shi kenan. Tun rasuwar maigidana. Na fita takaba da daɗewa amma abinci ba ya mini daɗi, ko gidan biki ba na son zuwa, in zauna in yi ta kuka yara na barci. Mahaifiyata ta ba ni irin ƙwayar da take sha, ita shekaru tana shanta, ban dai fara ba.

Likitar Ƙwaƙwalwa:
Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, ya ba ki haƙuri 'yar'uwa. Farkawa da tsakar dare tare da rashin jin daɗin komai da yawan kuka alamu ne na ciwon damuwa, kuma yana warkewa. Ba rashin tawakkali ba ne. Kada ki tsaya gyaran barci kawai, ki je a duba ki cikin makon nan, ki tafi da wata 'yar'uwa da kika yarda da ita. In har tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, kada ki jira gobe, ki gaya wa wani a gida yau ku tafi asibiti.

Maman Sadik:
Allah sarki ƙanwata, Allah ya jiƙan mamaci. Wannan kam ki bi maganar Dokta. In ba ki da mai raka ki, ki yi mini magana ta gefe, ni zan raka ki.

Mai Harhaɗa Magani:
'Yar'uwa kin yi daidai da ba ki sha ba, ki mayar mata. Ita kuma Mama kada ku ƙwace mata, kada ku ɓoye, wanda ya yi shekaru a kai ragewarsa watanni take ɗauka. Ranar da za ki asibiti ki tattara duk magungunanta a leda ɗaya, na hawan jini da na ciwon ƙafa da wannan, har da kwalayen da suka ƙare, ku tafi tare a yankar mata kati ita ma. Kafin nan ku ajiye mata tocila kusa da kai, ku kawar da tabarma da bokiti daga hanyar banɗaki.